Me ya sa manyan taurari ke yin abin da ba a zata ba a manhajar kwaikwayon sararin samaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina amfani da wata manhajar kwamfuta da ake kwaikwayon sararin samaniya a cikinta, mutum ya ajiye tauraro ya sa masa duniyoyi ya ga yadda za su kewaya shi. Muddin ina gwaji da taurari irin ranarmu komai lafiya. Amma da na ninka nauyin rana sau 100 sai ta fashe nan take. Na sake gwadawa, na cire rana na sa sabon tauraro mai wannan nauyin a gurbinta. Bai yi wani girman kirki ba, shuɗi kawai ya zama, duniyoyin kuma wasu suka faɗa cikinsa, wasu suka fice da gudun da hankali ba zai ɗauka ba. Sannan tauraro mai nauyin rana 200 ya fashe bai bar komai ba, alhali mai 30 ya bar baƙin rami. Manhajar ce ta lalace, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don ka lura da abin da mutane da yawa ke gani su wuce. Abubuwan nan da ka lissafo ba uwa ɗaya ta haife su ba. A cikinsu akwai halin manyan taurari na gaskiya, ko da ya saɓa wa zato. Akwai abin da ya fito daga gajeriyar hanyar da masu rubuta manhaja suka bi. Akwai kuma kuskuren lissafin kwamfuta tsagwaronsa, wanda kai da kanka za ka iya kamawa a cikin minti biyar.

Da farko ka san abin da irin wannan manhaja take yi da abin da ba ta yi. Jan da abubuwa ke yi wa juna, wato ƙarfin da ke riƙe da duniyarmu a kewayen rana, shi kam tana lissafa shi da gaske, taku bayan taku, bisa dokar Newton. Amma cikin tauraro ba ta leƙa shi. Da ka rubuta nauyi, sai ta je wani jadawali ko wata 'yar ƙa'idar lissafi ta ɗauko maka faɗinsa da zafinsa da haskensa da tsawon ransa. Ba ganganci ba ne. Lissafa rayuwar babban tauraro guda daga ciki, shimfiɗa bayan shimfiɗa, yakan ci sa'o'i ko kwanaki a manhajar masu bincike irin MESA, wadda Bill Paxton da abokan aikinsa suka gabatar a 2011, kai kuwa so kake ka danna ka ga sakamako kafin ƙiftawar ido. Ko masana, idan za su kwaikwayi gungun taurari dubu ɗari a lokaci guda, gajeriyar hanya suke bi. Fitacciya ita ce jerin ƙa'idojin da Jarrod Hurley da Onno Pols da Christopher Tout suka wallafa a 2000. An gina su a kan taurarin da aka lissafa dalla-dalla har zuwa nauyin rana 50, sannan aka miƙa su zuwa 100. Ka dubi waɗannan lambobi ka dubi naka: gwaje-gwajenka sun tsaya a bakin iyakar ko sun haura ta. Kamar tela ne da aka ba awon yaro ɗan shekara 5 da na ɗan shekara 10, aka ce ya ninka ya ɗinka wa ƙato riga. Zai ɗinka, amma wuyan da hannuwan ba za su zauna ba.

(Duk inda na ce "nauyi" a nan, yawan abin da ke jikin tauraron nake nufi, ana auna shi da na rana. Rana kanta ta ninka duniyarmu nauyi kusan sau 333,000.)

Mu fara da ranar da ta fashe nan take. Abin da ya fi kusa shi ne ka canza mata nauyi amma ba ka taɓa shekarunta ba. Rana tana da shekara biliyan 4.6 yanzu, kuma an ƙiyasta za ta kai kusan biliyan 10 tana ƙona haidirojin. Tauraro mai nauyinta 100 kuwa duka-duka ransa shekara miliyan 3 ne ko kusa da haka. Manhajar ta duba ta ga tauraron da ya kamata ya mutu yana da miliyan 3 ya kai biliyan 4.6, sai ta zartar masa da hukunci a take. Ka mayar da shekarun sifiri kafin ka ƙara nauyin, za ka ga ya zauna.

Gajartar ran kuwa gaskiya ce, kuma ita ce abu na farko da ke ba ɗalibai mamaki. Hankali yana cewa mai mai da yawa shi zai fi daɗewa yana ci. Sai dai tauraro mai nauyi yana ɗauke da kaya masu yawa a kan cibiyarsa, kuma abin da ke hana shi ruftawa shi ne zafin cikinsa. Dole cikin ya yi zafi sosai, zafi kuma yana haifar da haske mai yawa da ke tserewa waje, wutar nukiliyar da ke cibiya kuma dole ta biya duk abin da ya tsere. A taurari matsakaita, idan nauyi ya ninka sau 2 haske yakan ninka kusan sau 11. Idan nauyi ya ninka sau 10, haske ya haura sau 3,000. Ka ga man ya ƙaru sau 10, shansa ya ƙaru sau dubbai. Shi ya sa mai nauyin rana 10 yake rayuwa shekara miliyan 20 da 'yan kai, mai 25 kuma kusan miliyan 7. Rana gawayin kirya ce a maƙera, waɗannan kuwa wutar kara ce.

Ga inda awon tela ke ɓaci. Wannan ƙa'ida ta alaƙar nauyi da haske da ake koya wa kowa a ajin farko, wadda ake kira ta 3.5, ba ta aiki har abada. Idan ka bi ta ido rufe, mai nauyin rana 100 zai yi hasken rana miliyan 10 kuma ya mutu cikin shekara 100,000. Mai 200 zai haura hasken rana miliyan 110. Babu tauraron da ke yin haka. Mafi nauyin da aka auna, R136a1, yana cikin Babban Gajimaren Magellan, wani tarin taurari maƙwabcin namu, tafiyar haske ta kusan shekara 160,000 daga nan. A 2010 Paul Crowther da tawagarsa sun ƙiyasta nauyinsa a 265. A 2022, da aka sami hoto mafi tsabta da na'urar hangen nesa ta Gemini ta Kudu da ke ƙasar Chile, sai aka sauko da shi tsakanin 170 da 230. A wannan ƙiyasin na baya, haskensa bai kai na rana miliyan 5 ba. Ina miliyan 5, ina miliyan 110?

Dalilin shi ne haske da kansa yana tura abu. A rana turin ba shi da yawa. A babban tauraro kuwa haske ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na kayan, har a kai matakin da turinsa waje zai yi daidai da jan nauyi ciki. Wannan mataki shi ake kira iyakar Eddington, da sunan masanin Ingila Arthur Eddington wanda ya yi aikin alaƙar nauyi da haske a shekarun 1920. Iyakar tana kusa da hasken rana 32,000 ga kowane nauyin rana guda. Idan ka zana ƙa'idar 3.5 da wannan iyaka a takarda ɗaya, za su haɗu a wajen nauyin rana 60. Tun kafin nan taurari na gaskiya sun fara lanƙwasa, haske ya koma ƙaruwa kusan daidai da nauyi. Da mai da shansa suka koma ƙaruwa tare, sai tsawon rai ya daina raguwa, ya tsaya tsakanin shekara miliyan 2 da 3 komai nauyin da ka ƙara. Wannan gwaji ne mai sauƙi ga manhajarka: ajiye tauraro mai 200, ka karanta haskensa da tsawon ransa. Idan ta ba ka miliyan ɗari da rayuwar shekara 'yan dubbai, ka san an miƙa ƙa'ida inda ba ta kai ba.

Maganar rashin girma da zama shuɗi, a nan manhajar ce da gaskiya. Nauyi daban, faɗi daban. Tauraro mai nauyin rana 100, a ƙuruciyarsa, faɗinsa bai wuce na rana sau 15 zuwa 20 ba. Shi kansa R136a1 kusan sau 40 ne. Zafin fuskarsa ya haura digiri 40,000, na rana kuwa kusan 5,800, kuma abu idan ya yi irin wannan zafi fari yake zama mai ratsin shuɗi, yawancin haskensa ma ido ba ya ganinsa. Ƙattin da kake gani a hotuna suna cika allo tsofaffi ne. Idan haidirojin ya ƙare a cibiya, cibiyar ta tsuke, rigar waje ta kumbura ta huce ta yi ja. Ka fita waje bayan isha'i a cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka dubi tarin taurarin da Larabawa ke kira Jauza'u, Turawa kuma Orion, yana wucewa kusan saitin kanmu. Jan tauraron da ke kafaɗarsa shi ne Betelgeuse. Nauyinsa bai kai na rana 20 ba, amma faɗinsa ya kai sau 700 ko fi, da za a ajiye shi a gurbin rana da ya haɗiye duniyarmu har da Mirrihu. Kaɗan sama da shi akwai wasu ƙananan taurari uku da ba su cika ɗaukar ido ba. Su ne Haƙa'a, wadda malamanmu masu lissafin taurarin shekara ke ambata bayan Suraiya da Dabaran. Mafi haske a cikin ukun shuɗi ne, nauyinsa ya kusa na rana 30. Ya fi Betelgeuse nauyi, amma a faɗi ko kusa bai kai shi ba.

Har ma akwai ƙari. A 1979 Roberta Humphreys da Kris Davidson sun lura cewa babu jajayen ƙatti a cikin taurari mafi haske. Waɗanda aka haifa da nauyin da ya haura na rana 40 ko kusa da haka ba sa kumbura su zauna a ja. Haskensu ne ke shiƙe su kamar yadda iska ke kwashe ƙaiƙayi. Taurarin da ake kira Wolf-Rayet, waɗanda Charles Wolf da Georges Rayet suka gano a Faris a 1867, irin waɗannan ne da aka tuɓe wa riga: iskarsu, wato kayan jikinsu da haske ke shiƙewa, na fita da gudun kilomita 1,000 zuwa 3,000 a daƙiƙa, kuma suna iya zubar da nauyin rana guda a shekara 100,000. Wani lokaci ba a hankali abin ke zuwa ba. Eta Carinae ya yi wata gagarumar amayarwa a tsakiyar ƙarni na 19, har a 1843 ya zama na biyu a haske a duk sararin dare, ya watso abin da ya kai nauyin rana 10 ko fi, kuma bai mutu ba. Yana nan har yau cikin gajimaren da ya amayar. Don haka ka duba ko nauyin tauraronka yana raguwa yayin da shekarunsa ke tafiya. Idan ya mutu da nauyin da aka haife shi da shi, manhajar ta tsallake abin da ya fi komai tasiri a rayuwarsa, don mai 60 da ke da sinadarai irin na rana yakan iso ƙarshe da ƙasa da rabin nauyinsa.

Yanzu mutuwa. Tauraron da ya haura nauyin rana 8 yana ƙona toka bayan toka. Ɗauki mai 25: haidirojin kusan shekara miliyan 7, hiliyam kusan 700,000, kabon 'yan ɗaruruwan shekaru, niyon kusan shekara guda, oksijin 'yan watanni, silikon kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Idan ka sa agogon manhaja yana cin shekara 10,000 a daƙiƙa, duk abin da ya biyo bayan hiliyam zai wuce kafin idonka ya kama, shi ya sa kake ganin kamar lafiya lau yake sai kawai ya tarwatse. Toka ta ƙarshe ita ce baƙin ƙarfe, wanda ƙona shi ba ya ba da zafi, ci ma yake yi. Cibiyar ƙarfen tana kai wajen nauyin rana ɗaya da rabi sai ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa. Abin da ya rage ko tauraron nutiron ne, wato matsattsiyar cibiya mai faɗin kilomita 20 da 'yan kai, ko baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuce wa jansa.

Manhaja takan ja layi ta ce ƙasa da kaza tauraron nutiron, sama da kaza baƙin rami. A sama babu wannan layin. Lissafin zamani ya nuna taurari biyu masu kusan nauyi ɗaya, ɗaya na iya fashewa ɗaya kuma ya rufta shiru, gwargwadon yadda cibiyarsu ta tsaru a shekarun ƙarshe. Akwai wani jan ƙato mai nauyin rana kusan 25 a tarin taurari na NGC 6946 da ya ƙara haske na 'yan watanni a 2009, da aka sake dubawa a 2015 ba a gan shi ba. Masana da yawa na ganin ruftawa ya yi ba tare da fashewa ba. Sannan ga darasin 23 ga Fabrairun 1987, ranar da hasken fashewar wani tauraro a Babban Gajimaren Magellan ya iso duniya, na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kama ƙwayoyin nutirino (ƙananan ƙwayoyi da ke fitowa idan cibiya ta rufta) ashirin da 'yan kai daga gare shi. Littattafan lokacin sun ce jajayen ƙatti ne ke yin irin wannan fashewa. Da aka koma tsofaffin hotuna sai aka tarar wanda ya fashe shuɗi ne. Ruwa ba ya tsami banza: bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne taurari biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya dubban shekaru kafin fashewar.

Na mai 200 da bai bar komai ba shi ne ya fi burge ni a tambayarka, don alama ce cewa wanda ya rubuta manhajar ya yi karatu. Tun 1967 aka hango wannan a lissafi. A tauraro mai irin wannan nauyi, bayan hiliyam ya ƙone, zafin cibiya yana haura digiri biliyan guda. A nan ƙwayoyin haske suna da ƙarfin da za su rikiɗe su zama tagwayen ƙwayoyin abu, ilektiron da kishiyarsa fozitiron. Ka tuna haske ne ginshiƙin da ke ɗauke da rufin. Ginshiƙi ya koma kaya, sai cibiya ta fara ruftawa, zafi ya yi tsalle, oksijin mai nauyin rana goma-goma ya kama wuta cikin daƙiƙoƙi. Ƙarfin da ya fito ya fi wanda ke ɗaure da tauraron gaba ɗaya, sai ya watse kaf, babu baƙin rami babu tauraron nutiron. Lissafin Alexander Heger da Stan Woosley na 2002 ya sa wannan tsakanin nauyin rana 140 da 260. Ƙasa da 140 kaɗan tauraron kan yi ta girgiza yana zubar da riga kafin ya rufta, sama da 260 kuma ya zarce baƙin rami kai tsaye.

Amma akwai sharaɗin da manhajar ba lallai ta gaya maka ba. Wannan ya shafi taurarin da ba su da sinadarai masu nauyi sosai, irin na farkon halitta ko na ƙananan tarin taurari. Ƙwayoyin ƙarfe da makamantansu a rigar tauraro su ne ke tare haske, haske kuma ya tura su waje su ja sauran. Mai 200 da aka haifa da sinadarai irin na rana zai zubar da kaya da yawa, kuma a yawancin lissafi ba ya isowa ƙarshe da cibiyar da za ta kai ga wannan fashewa. Idan manhajarka tana da wurin canza yawan sinadarai, canza shi ka ga ko ƙarshen zai canza. Wannan fashewa kuma tana nufin bai kamata a sami baƙaƙen ramuka da tauraro guda ya haifa ba tsakanin nauyin rana kusan 50 da 120. Sai ga shi ranar 21 ga Mayun 2019 na'urorin LIGO da Virgo, masu kama girgizar da irin wannan karo ke aikowa ta sararin samaniya, sun ji karon baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya kusan 85 ɗaya kusan 66, suka haɗe suka ba da 142. Na 85 ɗin yana tsakiyar wurin da aka ce babu kowa. Har yanzu ana kai-komo a kan yadda aka yi ya samu.

Saura duniyoyin. A nan zan ɗan yi lissafi, don shi zai raba maka gaskiya da kuskure. Duniyarmu tana tafiyar kilomita 30 a daƙiƙa a kewayen rana. Idan mai nauyin rana 100 ne a wurin, tana buƙatar kilomita 300 a daƙiƙa kafin ta riƙe da'irarta, shekararta kuma ta koma kwana 36 da rabi. Kai ka canza tauraron ka bar ta da 30. Ba ta da abin yi sai faɗawa. Lissafi ya nuna kowace duniya za ta gangaro har nisanta ya koma kashi ɗaya cikin 200 na inda ta taso. Ga duniyarmu wannan kilomita 750,000 ne daga cibiyar tauraron da shi kansa daga cibiya zuwa fuskarsa ya haura kilomita miliyan 10. Ta shige ciki ke nan. Haka Mirrihu, haka Mushtari, haka Zuhalu. Waɗanda suka faɗa ba kuskure ba ne.

Waɗanda suka fice su ne kuskuren, kuma hujjar a bayyane take: ƙara wa tauraro nauyi ƙara ɗaure duniyoyinsa yake yi, ba abin da zai sami ƙarfin tserewa. Ɗauki Naftun, ta can ƙarshe. Za ta gangaro har kilomita miliyan 22 daga cibiya, ta tsallake rijiya da baya, ta zagayo da gudun sama da kilomita 1,000 a daƙiƙa, sannan ta koma daidai inda ta taso. Kwamfuta kuwa ba ta bin tafiya a miƙe. Tana duba inda abu yake, ta lissafa jan da ke kansa, ta ciyar da shi gaba na wani ɗan lokaci kamar jan bai canza ba, sannan ta sake dubawa. Wannan ɗan lokaci shi ne takun lokaci. Kamar direba ne da ke buɗe ido sau ɗaya a minti: a miƙaƙƙiyar hanya zai sha, a kwana sai daji. Idan ka hanzarta agogo har taku guda ya zama kwana ɗaya, Naftun a wannan gudu za ta ci kilomita miliyan 93 a taku guda, wato ninki huɗu na duk nisan kwanar. Kwamfutar ta ba ta jan da ke kusa da tauraro na yini cur, ta buɗe ido ta gan ta can nesa inda jan ya yi rauni, ba abin da zai karɓe gudun da aka ba ta kyauta. Manhajoji masu kyau suna rage taku da kansu idan abubuwa suka kusanci juna, amma da yawa suna barin mai amfani ya tilasta musu sauri. Ka rage saurin agogo sau 10 ka maimaita. Sakamakon da ya canza da canjin agogo na kwamfuta ne, don sama ba ruwanta da saurin da ka zaɓa.

Akwai ficewa ta gaskiya, kada ka haɗa su. Idan tauraro ya fashe ya rasa fiye da rabin nauyin da ke riƙe da abokin kewayensa a lokaci guda, abokin zai tafi da gudun da yake da shi, kamar dutsen majaujawa da igiya ta tsinke. Masanin ƙasar Holan Adriaan Blaauw ya bayyana wannan a 1961 don fassara taurarin da ake gani suna gudu su kaɗai a sararin sama. Idan kuwa a hankali nauyin ke raguwa ta hanyar iska, da'irar buɗewa kawai take yi, nauyi ya ragu rabi nisa ya ninka biyu, ba wanda ya tsere.

Wani abin da kusan duk manhajojin koyo ke bari shi ne tagwaitaka. Binciken da Hugues Sana ya jagoranta a 2012 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na taurari mafi nauyi za su yi musayar kaya da abokin zamansu ko su haɗe da shi kafin su mutu. Tauraron Algol, wanda sunansa daga Larabci ne, Ra'asul Gul, ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: mai ƙaramin nauyi a cikin biyun shi ne ya tsufa, mai babban nauyi yana ƙuruciya, saɓanin duk abin da na faɗa maka a sama. Amsar ita ce tsohon shi ne babba a da, da ya kumbura sai ɗan'uwansa ya zuƙe masa riga. Manhajar da ke karanta wa kowane tauraro jadawalinsa shi kaɗai ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Kada kuma ka ɗauka matsalar ta tsaya a manhajojin koyo. A rigar taurarin da suka haura nauyin rana 40, akwai wata shimfiɗa mai zafin digiri kusan 200,000 inda ƙwayoyin ƙarfe ke tare haske sosai, har turin haske a wurin ya zarce iyakar Eddington. Lissafi sai ya ba da abu mai ban mamaki, shimfiɗar sama ta fi ta ƙasanta kauri, rigar ta yi ta kumbura, takun lokaci ya yi ta raguwa har aikin ya tsaya cak. Duk wanda ya taɓa lissafa irin wannan tauraro ya san wurin. Kowace tawaga da dabarar da take bi ta wuce shi: wasu su ƙara wa motsin tafasar cikin tauraro ƙarfi, wasu su ƙara iska ta kwashe shimfiɗar, wasu su hana kaurin juyewa. A 2022 Poojan Agrawal da abokan aikinta sun kwatanta sakamakon manyan tawagogi biyar. Iyakar faɗin da tauraro ke kaiwa ya bambanta tsakaninsu da abin da ya kama daga faɗin rana 100 har 1,600, nauyin abin da ke ragewa bayan mutuwa kuma ya bambanta da har nauyin rana 20. A ganina ya kamata kowace manhajar koyo ta riƙa nuna wa mai amfani gargaɗi da zarar ya haura 40 ko 50, don ɗalibi yana ganin lamba a allo da ɗigo da komai sai ya ɗauka an auna ta ne.

Ga aikin da nake so ka yi, ƙanena. Ɗauki takarda ka ja layuka. Ajiye sabbin taurari ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shekara sifiri, masu nauyin rana 10, 20, 40, 60, 99, 101, 139, 141 da 200. Rubuta haske da faɗi da zafi da tsawon ran kowanne, da abin da ya bari bayan mutuwa. Inda ka ga lamba ta yi tsalle tsakanin 99 da 101, nan jadawali ɗaya ya ƙare wani ya fara. Raba hasken kowanne da nauyinsa, ka ga ko akwai wanda ya haura 32,000 da nisa. Sannan ka maimaita gwajin duniyoyin sau biyu, ɗaya da agogo a hankali, ɗaya bayan ka ninka gudun kowace duniya sau 10 tun daga farko. Ka turo min abin da ka samu mu duba tare.